Zanen Ƙafar Taswira

Da sallama ta shiga shagon, amma bugun guduma ya haɗiye sallamar, sai da ta maimaita da murya irin ta wadda ta saba da aji mai ɗalibai hamsin.

Mai ɗinkin takalmin ya ɗago kai. Shi fa mutum ne da ƙafa yake fara kallo kafin fuska, haka sana'ar ta horar da shi tun yana zama gefen mahaifinsa. Amma ranar sai fuska ta riga, kuma da ta riga ba ta sake shi ba. Ya manta da wata ƙafa kwata-kwata. Ya miƙe da ƙusa a baki, ya buɗe bakin zai amsa, ƙusar ta faɗi ƙasa.

"An ce kai kake yi wa masu hawan dutse takalmi," ta ce, tana danne dariya.

"Ni ne, Malama."

"Wa ya gaya maka ni malama ce?"

"Alli ne a hannun rigarki."

Ta duba, ta kaɗe, dariyar da take dannewa ta kuɓuce mata.

Taswira ake ce mata a gida da makaranta, har sunanta na gaskiya ya kusa ɓacewa. Shekara biyar tana koyar da labarin ƙasa, tana zana duwatsu a allo, tana bayanin yadda iska take sanyi in an yi sama. Sai wata rana wata ɗaliba mai baki ta nuna dutsen da ake hangowa ta tagar aji, ta ce, "Malama, ke kin taɓa hawa?" Ba ta taɓa ba. A makon ta rubuta sunanta cikin tawagar malaman da za su hau dutsen nan da mako bakwai, a tashi da sassafe, a taɓa ƙololuwa, a sauko kafin rana ta faɗi. Tun daga ranar ba ta da wata hira sai ta dutse.

Mai takalmin ya jawo kwali mai faɗi da fensir ya miƙa mata.

"Ba na auna ƙafa da safe. Da yamma take kumbura, a kan dutse kuwa ta fi haka. Ki sa safa mai kauri, ki tsaya a kan kwalin nan da duk nauyinki, wani ya zagaya da fensir a tsaye. Kada ki zana da kanki, in kin sunkuya ƙafar tana canjawa."

"Ashe abin har da ilimi."

"Ke kin san dutsen a takarda, ni na san shi a ƙafa. Sau goma sha huɗu na hau. Ni nake tsaron bayan tawagarku."

Ta fita tana jin wani abu yana tsalle a ƙirjinta, doguwar rigarta tana share ƙasa kamar kullum.

To, a nan gizo ke saƙar, don rigar ba ado ba ce kawai. Taswira ƙafa gare ta. Lamba arba'in da uku take sawa, kuma tun tana 'yar shekara sha uku ake nuna mata ɓangaren maza a shagon takalmi. Da yamma Yayarta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta durƙusa ta zagaya mata fensirin, ta ɗaga kwalin sama tana kallo.

"La'ilaha! Taswira, wannan ai sai Baba ya kafa masa duwatsun iyaka. Fili ne guda."

"Yaya, don Allah."

"Wallahi mai takalmin nan sai ya yanka sa biyu."

Yaya ta tafi tana dariya, ba da mugunta ba, haka take. Taswira kuwa ta zauna tana kallon zanen, tana tuna yadda ƙusa ta faɗo daga bakin mutumin nan. Wannan jirgin za ta kai masa? Ina! Ta ɗauko rula, ta raba zanen gida-gida kamar yadda take koya wa ɗalibai rage girman taswira. Ta samo wani kwalin, ta ja nasa gidajen ƙanana kaɗan, ta kwafe ƙafar tsaf, kowane yatsa a mazauninsa, ta rage kashi ɗaya cikin ashirin. Ta goge layukan rula, ta tura zanen gaskiya ƙarƙashin katifa. A ranta cewa take, ai fata tana buɗewa.

Washegari da yamma saƙo ya shigo.

"Malama, barka da yamma. Kwali ya iso. Ban taɓa ganin zanen ƙafa mai tsabta haka ba, kamar a rataye shi a bango. Kwana goma in sha Allah. Kafin nan ki fara hawa matakalar makarantarku, sau biyar kullum, ki riƙa ƙarawa."

Bayan kwana biyu ta rubuta masa: "Injiniyan ƙafa, yau sau bakwai na hau. Ni na sauko, numfashina yana can hawa na uku, ina jiran sa."

"Ki bar shi, zan biya in ɗauko miki shi."

Shi ke nan sunan Injiniya ya bi shi, kuma shi ke nan waya ta daina hutawa. In an tashi daga makaranta sai ta goya jaka cike da littattafai ta kama matakala, masu shara suna yi mata kirari. Ta manna jerin kaya a ƙofar firiji. Ta ɗora jakar goyonta a kan ma'aunin Yaya sau ba adadi. Ta koyi shan ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo. Mama ta ce ko masu zuwa wata ba su yi wannan shirin ba.

"Taswirata," ya rubuto wata rana, kuma ranar ya fara ƙara wannan wutsiyar a sunan, "jaka kada ta wuce kilo shida. Ruwa lita uku, hular rana, rigar ruwa, dabino, gyaɗa, usur. Sauran wurin ki bar min, zuciyata zan sa, ba ta da nauyi."

"Ba gaskiya ba ne. Tun da ta shiga jakar nake haki."

Ta karanta saƙon nasa ya fi sau ashirin. Son sa take yi, ba ta tsaya yi wa kanta gardama ba.

Da ya ce yana son zuwa gaida Baba, sai gida ya ɗauki zafi. Baba tsohon ma'aikacin awon filaye ne, shekara talatin da biyar yana jan tef a rana, kuma yana da wanda ya riga ya kwanta masa a rai. Kyaftin ke nan, mataimakin shugaban makarantar su Taswira, jagoran tawagar hawan dutse, mai mota da agogon da ke faɗin tsayin wuri. Shekara guda yana zuwa gaida Baba suna hirar taswirori, ita kuwa Taswira in ta ji motarsa sai ta tuna tana da makin jarrabawa.

"Ga wanda na sani, na san gidansu," in ji Baba, "za ki kawo min wanda kika sani mako guda."

"Baba, mutumin kirki ne."

"Kowa ma na kirki ne a waya."

Mama ta ajiye masa shayi ta ce, "Ka dai gan shi tukuna. Kai ma ai da tef a wuya ka zo gidanmu."

Injiniya ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba, ya amsa tambayoyi ba rawar murya. Baba ya daɗe yana kallon hannuwansa masu kanta, sannan ya yanke magana.

"Ni ban iya auna mutum da baki ba, da aikinsa nake auna shi. Kana yi mata takalmi, ko? To in takalmin nan ya kai ta kan dutse ya dawo min da ita da ƙafarta lafiya, ka turo manyanka. In bai yi ba, kada mu ɓata wa juna lokaci."

"Na yarda, Baba," ya ce, har da murmushi, don ya san hannunsa.

Taswira da ke bayan labule ta tuna zanen gaskiyar da ke ƙarƙashin katifa.

Takalmin ya fito, kai, abin kallo! Fata ruwan ƙasa, igiya ja, ƙasansa mai haƙora. Ya ce ta gwada a shago, ta ce tana sauri, a gida za ta gwada.

"To ki tura ƙafar gaba, yatsa ɗaya ya shiga bayan dunduniya. In babban yatsanki yana taɓa gaba, yau za ki gaya min, ba gobe ba. A gangara yatsu suke shan wuya."

A ɗaki ta sa. Ƙafar ta shiga, amma ko allura ba za ta bi bayanta ba, babban yatsa kuwa ya dafe da gaba. Ta zauna bakin gado da waya a hannu. Kalma biyar ce za ta raba ta da wahala, amma sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa yana ƙarƙashin katifar da take zaune a kai. Ta rubuta: "Ya zauna daram. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Ta koma safa marar kauri. Ta koyi tafiya da yatsu a naɗe. A matakala tana hawa lafiya, in za ta sauko sai ta cije leɓe. Kullum tana cewa gobe fatar za ta buɗe, fatar kuwa ta kirki ce, ko gezau.

Ranar Asabar tawaga ta fita gwaji a wani tudu da ke bayan gari. Injiniya bai je ba, ya tafi sayen fata. Hawa ya yi daɗi, har waƙa Taswira ta yi. A gangara ne duniya ta juya mata. Kowane taku kamar ana buga mata guduma a farce. Ta iso ƙasa da hawaye, Kyaftin ya sa ta a mota ya kai ta gida, da aka cire takalmin sai ga safa ta rine da jini. Dunduniya ta yi bororo ta fashe, farcen babban yatsa ya yi baƙi.

"Aikin hannu ke nan, Baba," in ji Kyaftin cikin tausasa murya. "Sai a hankali."

Da la'asar ya dawo da kwalin takalmi ɗan waje, ya ajiye gaban Taswira. "Talatin da tara na ɗauko. Na san ƙafarki ba za ta wuce haka ba."

Ta yi godiya. Ko rabin ƙafarta ba zai ɗauka ba.

Washegari Baba ya aika a kira Injiniya. Yaya tana wurin aiki, Mama tana kicin tana leƙe. Taswira na zaune a kujera, ƙafarta a naɗe da bandeji a kan matashi, babu rigar da za ta rufe ta. Ya shigo da jakarsa, ya gaida Baba, sannan a karon farko ya kalli ƙafar sosai. Ta ga idonsa ya tsaya. Ya buɗe jakar kaɗan, ya karkata kwalin zanenta da ke ciki wajen hasken taga, ya ga sawun layukan rula da aka goge. Ya ɗago ya kalle ta, kallo ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Ina awon da ka yi aiki da shi?" in ji Baba.

Injiniya ya rufe jakar. "Baba, laifin nawa ne. Aikina ne in duba ƙafa da idona kafin in yanka fata, ban duba ba. Aikina ne in ga an gwada a gabana, ban tsaya ba."

"Ka san abin da muka yi da kai."

"Na sani."

"To magana ta ƙare. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Tana ji tana gani ta bar shi ya ɗauki laifin. Injiniya ya yi sallama. A bakin ƙofa, inda ake tara takalma, ya durƙusa ya daɗe kafin ya miƙe. Ta ɗauka hawaye yake ɓoyewa, nata suka ɓalle.

Ta tura saƙo: "Injiniyana, ka yafe min." Shiru. "Ka yi min faɗa ma na yarda, kada dai ka yi shiru." Shiru. Kwana biyu wayarsa ba amsa. Ta tabbata ya tsane ta, kuma ta ga ya yi daidai.

A rana ta uku Yaya tana canja mata bandeji, ta tsaya ta ce, "Ni fa abin nan ya ƙi zama min. Da hannuna na zana ƙafar nan. Mutumin da likitocin ƙashi na asibitinmu suke aika wa marasa lafiya, shi zai kuskure haka?" Ta ƙura mata ido. "Taswira. Me kika yi?"

Ta ɗaga katifa ta zaro kwalin zanen gaskiya. Yaya ta dafe kai.

"Innalillahi! Saboda wasan da na yi miki?"

"Saboda kar ya ga..." Kuka ya ci ƙarfinta.

"Tashi. Ko ki faɗa wa Baba da bakinki, ko in faɗa da nawa, kuma kin san nawa ba birki."

Da ɗingishi ta isa falo. Baba yana karatun jarida. Ta durƙusa, ta ajiye kwalin a gabansa, ta faɗi komai, tun daga rula har saƙon ƙarya. Ba ta rage ko ɗaya ba. Baba ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Kashi nawa kika rage?"

"Ɗaya cikin ashirin, Baba."

"Da gidaje kika yi?"

"Da gidaje."

"Shekara talatin da biyar ina awo, an ba ni baki, an yi min barazana, ban taɓa matsar da layi ko taku ɗaya ba. Sai a cikin gidana, 'yar cikina!" Ya buga jaridar a gwiwa. "Kuma yaron nan ya gani, kwalin yana jakarsa, ya zaɓi in kore shi da ya kunyata ki a gabana."

Ta kasa ɗaga kai. Sai ta ji muryarsa ta sauko.

"Miƙo ƙafar nan."

Ya ɗauko tsohon tef ɗinsa daga aljihun tebur, ya sa ta tsaya a kan takarda, ya durƙusa da kansa, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya rubuta. Bai miƙe nan da nan ba.

"Ƙafar mahaifiyata ce wannan," ya ce a hankali. "Har yatsan nan da ya karkace. Da ita ta yi tafiyar yini guda da ni a goye ta kai ni asibiti. Ita kike jin kunya?"

Mama ta juya tana share ido da gefen mayafi. Baba ya miƙe ya ce a ɗauko masa hularsa.

Shi da Taswira suka tarar da shagon a buɗe, wayar Injiniya a kan taga ba caji, shi kuwa ya duƙufa, idanunsa sun yi ja. A gabansa ga wani sabon takalmi a kan ƙafar katako, saura ɗinkin baki. Ganin Baba ya sa ya miƙe har yana ture gwangwanin gam.

"Na wa ne wannan?" in ji Baba.

"Nata ne, Baba. Ko ba ni a maganar, dutsen nan tana son hawansa. Da na gama zan aika da shi."

"Da wane awo?"

Ya sosa ƙeya. "Silifas ɗinta na gani a bakin ƙofa ranar. Sawun ƙafar ya kwanta a jiki. Na auna da taƙi."

Baba ya duba lambar da ke rubuce a jikin katakon, ya zaro takardarsa ya duba tasa. Ya sake dubawa. Santimita ashirin da bakwai da rabi, tasa kuwa ta ɗara da milimita ɗaya tak.

"Da hannu," in ji Baba. "A durƙushe, bayan na kore ka." Ya miƙa masa hannu. "Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe min."

"Haba Baba, haba."

"Amma sharaɗina yana nan."

"Shi nake so ya zauna."

Baba ya fita wai zai duba tayar motarsa, alhali ba abin da ya sami tayar. Taswira ta tsaya tana murɗa bakin mayafi.

"Ka ga ƙafar dai yanzu," ta ce. "Arba'in da uku."

"Na gan ta. Kin san abin da masu hawan dutse za su bayar su sami irinta? Faɗi, dunduniya daram, ba ta gurɗewa. Ni da na manta ban kalla ba ranar farko, ni na yi asara."

"Ba ka ji haushina ba?"

"Na ji. Na jinin da kika zubar kina ɓoye min. Taswirata, in abu ya matse ki, ko takalmi ne ko ni ne, ki faɗa a ranar."

"Na yi alkawari."

Saura kwana goma sha takwas, aka shiga tsere da lokaci. Kwana biyar Yaya ta hana ta taka komai sai silifas. A na shida ta sa sabon takalmi a shago, gaban Injiniya da Yaya, yatsa ya shige bayan dunduniya sumul, yatsun ƙafa suna ta rawa a ciki. Ta yi ihu har maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo. Ta fara da zagaya tsakar gida, ta koma zuwa makaranta a ƙafa, ta koma matakala. Ta mayar wa Kyaftin kwalinsa, ta gaya masa gaskiya biyu, ta lamba da ta zuciya. Ya ce, "To Allah ya sa alheri. Amma a kan dutse ba sani ba sabo. Ƙarfe ɗaya in ta buga, ko saura taku goma ne, juyowa za mu yi."

Ana gobe tafiya ta yanke farce, ta duba hasashen yanayi sau huɗu, ta zazzage jaka ta sake shiryawa. Baba da kansa ya rubuta lokacin da ya kamata su dawo ya manna a bango. Saƙo ya shigo da magariba: "Gobe ina bayanki taku uku. Kada ki kalli ƙololuwa, ki kalli inda za ki sa ƙafa. Ƙololuwar ni zan riƙa kallo, tana gabana sanye da hular rana."

Gari na wayewa suna gindin dutse, su goma sha biyu. Kyaftin a gaba, Injiniya a baya, Taswira tana ta zuba kamar rediyo, tana gaya wa kowa sunan kowane irin dutse. Bayan awa biyu rediyon ya mutu. Cinyoyi suka ɗau wuta, jakar kilo shida ta koma kamar buhun siminti. Sau uku tana cewa ga ƙololuwa, sau uku wani tudun yana leƙowa ta bayansa. Sha biyu da rabi ta zauna a kan wani falalen dutse ta ce ita kam ta gama.

"Ƙafa ce?" ya tambaya.

Ta tsaya ta saurari ƙafar da gaske. "A'a. Ƙafa lafiya lau. Ni ce."

"To ci dabino uku, ki sha ruwa. Taku hamsin za mu yi, mu tsaya, mu sake hamsin. Ni zan ƙirga."

Ya ƙirga, ta taka. Saura minti goma sha biyu ƙarfe ɗaya ta buga, ƙasa ta ƙare a gabanta, sai sama da iska mai sanyi. Ga kogi can yana lanƙwasa yadda ta sha zana shi a allo, ga gonaki gida-gida, ga garinsu ɗan mitsitsi. Ta ɗaga hannu biyu ta ƙwala ihu, ta fashe da kuka, ta koma dariya. Ta tura wa Baba hoto, amsa ta zo nan take: "Madalla. Saura saukowa."

Injiniya ya nuna mata yadda za ta ƙara ɗaure igiya a wuyan ƙafa, suka kama gangara. Awa uku tana jiran zafin nan da ta sani, bai zo ba.

Rana na shirin faɗuwa suka shigo gida, suka tarar an jera kujeru a tsakar gida kamar kotu. Yaya ta sa safar hannu ta asibiti don tsokana, ta kwance igiya, ta zare safa, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta juya dunduniya, ta latsa, Baba ya sunkuyo da tabarau.

"Goma cif," in ji Yaya. "Ko ƙwarzane babu. Sai dai wari."

Mama ta rangaɗa guɗa. Baba ya gyara zama, ya kalli Injiniya da ke durƙushe, ƙura har gira.

"Ranar Juma'a ina gida. Ka turo manyanka."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Tawagar dutse ta zo gaba ɗayanta, Kyaftin ne ma ya yi ta jigilar baƙi da motarsa. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ɗakinsa, ya kama hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Ta yi kuskure, ta zo ta faɗa da bakinta. Kai kuma ka rufa mata asiri ranar da rufawar ta fi tsada. Ba ni da abin da zan ƙara muku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu gaskiya, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," in ji Injiniya.

Taswira ta so ta ce amin, kuka ya hana ta, sai ta kifa kai a kafaɗar mahaifinta. Mama da Yaya suka amsa mata daga bakin ƙofa, da ƙarfi, har sau uku.